Waya: Daga Zaren Ƙarfe Zuwa Aljihun Saurayi

A Karkarna, hedikwatar ƙaramar hukumar Yankwashi, in yaro ya ce "wayata ta mutu", caji ne ya ƙare. Kakansa kuwa ya fara sanin kalmar ne a matsayin siririn zaren ƙarfe.

Daga Ingilishi aka aro ta, inda take nufin zaren ƙarfen. Da Turawan mulkin mallaka suka kafa turakun tangarahu a Arewa a farkon ƙarni na 20, sai Hausawa suka kira saƙon da sunan abin da yake bi ta cikinsa. Ma'aikaci yana ƙwanƙwasa ɗan maɓalli ya aika, a ce ya "buga waya". Ofishin da ake yin hakan ya zama gidan waya, kuma har yau sunansa ke nan ko da wasiƙa kaɗai za a kai.

Tarho ya zo ya gaji sunan. A shekarar 2001 MTN da Econet suka fara aikin salula a Najeriya, zaren ya ɓace, sunan ya zauna daram. Shi ya sa ake cewa wayar hannu, don a bambanta ta da sauran wayoyi.

Yanzu wayar hannu ta shiga zance. Saurayi a Kazaure ko Babura kan fara neman lambar wayar yarinya kafin ya san ƙofar gidansu, abin da dattawa da yawa ba sa jin daɗinsa, kuma suna da hujja. "Danna waya" ma ta zama ƙorafin iyaye kan yaron da ya duƙufa a wasan ƙwallo ko TikTok, aikin gona na jiransa.