Daga Jaki Zuwa Injin Ban Ruwa: Tarihin Juyen Baƙin Mai a Karkarar Arewacin Kano

Masu nazarin tarihin ƙasar Kano sun fi mai da hankali ga sarauta da fatauci da malanta, domin a nan ne rubuce-rubuce suka fi yawa. Amma akwai wani sashe na tarihin talakawa wanda ba a cika samunsa a takarda ba, wato yadda inji ya shiga rayuwar manomi, da yadda manomi ya koyi kula da shi. Maƙasudin wannan lacca shi ne a ɗauki ƙaramin aiki guda, watau juyen baƙin mai da canjin filta, a bi sawunsa tun daga garejin birni har zuwa ƙofar gidan manomi.

Yankin da ake magana a kai shi ne karkarar da ta kewaye birni daga arewa, tun daga Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa har zuwa Bichi da Ɗambatta da Kunci. Binciken da Michael Mortimore da J. Wilson suka wallafa a 1965 ya nuna cewa wannan ƙasa tana cikin mafi cunkoson jama'a a karkarar Afirka, gona na manne da gona, ba a barin saura. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne taki, abin da ya riƙe taki kuwa shi ne jaki. Da rani jakuna kan shiga birni da itace, su komo da mangala cike da taki. Ga mutanen wancan zamani, in an ce mai, to, man gyaɗa ake nufi, ko man shanu, ko man kaɗe.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, har a 1913 aka fitar da wajen tan 19,000 daga Nijeriya. Abin lura shi ne, a wannan shekara ta 1911 ne ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka ta fara tsara lambobin kaurin mai, waɗanda jikokinsu ne SAE 40 da 20W-50 da ake gani a jikin galan. Filta kuwa sai a 1923 aka ƙago ta, ita ma a Amurka. Ke nan injin da ya fara zuwa ƙasar Hausa ya zo ne tun ilmin kula da shi bai gama nuna ba, ko a can inda aka ƙera shi.

Har zuwa samun mulkin kai a 1960, motar da mutumin ƙauye ya sani ita ce babbar motar da ke zuwa kwasar gyaɗa. Mai ita attajiri ne ko kamfani, mai kula da ita direba ne da yaron mota, wurin gyaranta kuwa birni. Daga bakin waɗannan ne kalmomi irin su makanike da sufana da geji da galan suka shiga Hausa. Sunan baƙin mai shi kansa shaida ne na tarihi. Sabon man inji launin zuma gare shi, amma Bahaushe ya raɗa masa suna da kamar da ya fara ganinsa da ita, wato sa'ad da yake tsiyayowa daga gindin mota bayan ya gama aiki.

Shekarun 1970 su ne suka sauya al'amarin. Fari na 1972 zuwa 1974 da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975 suka rushe tsohon arziki, a daidai lokacin da kuɗin fetur yake shigowa. Ƙarin albashin Udoji da aka biya a farkon 1975 ya sa malaman makaranta da malaman gona da akawuna suka sayi babura, manyansu suka sayi motoci. A wannan shekarar ce aka buɗe kamfanin harhaɗa Peugeot a Kaduna, akori-kura ta zama motar cin kasuwar ƙauye, injin niƙa kuma ya soma rage wa mata wahalar dutse da turmi. Duk da haka ma'aikaci na wancan lokaci ba ya shiga ƙarƙashin motarsa da kansa. Naira na da daraja, sai ya kai ta gidan mai ko gareji a yi mata sabis.

Ya kamata a dakata a nan a bayyana aikin kansa, domin wanda bai fahimce shi ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba. Mai yana shiga tsakanin ƙarafan inji don kada su ci juna, yana rage zafi, yana kuma kwashe daudar da ƙonewar fetur ke bari. Filta ita ce rariyar da ke tare wannan dauɗa. In ta toshe, akwai wata 'yar ƙofa a cikinta da ke buɗewa don kada inji ya rasa mai, sai dai man da ke wucewa ta nan ba tatacce ba ne, mai mota kuwa ba zai ga wata alama ba. A ƙasar da hunturu ke cika iska da ƙura, hanyoyi kuma na rairayi ne, mai da filta sun fi saurin gajiya. Shi juyen ba shi da wuya. Akan tayar da inji ya ɗan yi ɗumi a wuri mai daidaito, a kashe, a kwance notin da ke ƙasa mai ya tsiyaye cikin mazubi. Sa'an nan a cire tsohuwar filta, a shafa sabon mai a robar sabuwar, a ɗaura ta da hannu, a mai da noti, a zuba mai. Peugeot 504 takan sha wajen lita 4, wato galan guda. Daga nan a tayar da inji kaɗan, a kashe, a duba geji, a kuma leƙa ko akwai yoyo.

Abin da ya kawo wannan aiki gida shi ne matsi. Nijeriya na haƙo mai, amma ɗanyen manta bai dace da yin man inji ba. Saboda haka sashen da aka tanada don yin sa a matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, an gina shi ne don ya tace ɗanyen mai na ƙasashen waje. Da aka karya darajar Naira a 1986, kuɗin galan da na filta suka tashi tare. Ma'aikaci ya koma sayen kayansa a kasuwar Ƙofar Ruwa, ya kira makanike gida ko ya naɗe hannun riga da kansa. Masu sayar da mai a kwalba suka yawaita a bakin hanya, wani man nagari, wani gauraye, wani ma tsoho ne aka tace. Dabarar tsallake filta sau ɗaya, da ta jinkirta juye har a ji kukan inji ya sauya, duk a wannan zamani suka yi ƙarfi. Araha ce irin wadda ba ta ado, domin kuɗin sauke inji ya ninka na filta sau da yawa.

Amma wanda ya fi kowa riƙe sufana manomi ne. Madatsun ruwan da aka tsara zamanin Gwamna Audu Baƙo, irin su Tomas da Gari da Watari da Jakara, da aikin hukumar KNARDA a shekarun 1980, da shirin Fadama na ƙasa daga 1993, sun maye jigo da ƙaramin injin ban ruwa. Wannan inji ba shi da filtar mai ko kaɗan. Abin da yake sha bai kai lita guda ba, kuma ƙa'idar masu ƙera irinsa ita ce a juye bayan awa 20 na farko, daga nan kowace awa 100. Ga mai lambun tumatir ko albasa wannan 'yan makonni ne. In inji ya kama a tsakiyar bazara, kwana kaɗan sun isa shuka ta ƙone, bashin taki kuwa yana nan. Takardar da ke ɗauke da wannan ƙa'ida da Turanci take zuwa. Haƙiƙa an ba da ƙarfi wajen raba inji fiye da koyar da kula da shi, sai manoma suka koya daga juna da kuma daga kanikawan kasuwa. Haka aka yi da baburan Sin da Indiya da suka cika ƙauyuka daga baya, waɗanda suka karɓe rabi da rabin aikin jaki. Yawancinsu 'yar raga ce ke tace musu mai, don haka yawan juye shi ne kariyarsu.

Saura batun tsohon mai. A ƙasar da ba a zubar da toka ko kashin akuya, ba a yi tsammanin za a zubar da shi ba. Ana shafa shi ga katakon rufi saboda gara, ana zuba shi a masai, wasu har sukan shafa wa dabba mai ƙirci. Na katako da sauƙi, sauran kuwa akwai haɗari, domin tsohon mai na ɗauke da guba da burbushin ƙarfe, a da ma har da dalma kafin a daina sa ta a fetur. A fadama ruwa yana kusa da doron ƙasa, abin da aka tsiyayar a gefen rijiya kuma ba ya nisa da ita.

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, wasu masu noman rani sun mai da injinansu masu amfani da gas, wasu kuma sun koma ga famfo mai aiki da hasken rana. Injin gas yana nan da bukatar juye kamar dā. Famfon rana kuwa ba ya shan baƙin mai, sai dai a riƙa goge masa ƙurar hunturu.