Garwa: Ƙasar Waje A Bakin Ƙofa

A lokacin da aka fara sassauta dokokin korona, hirar da ta fi yawa a bakin masu ɗan hali ita ce ta fita waje yawon buɗe ido. Wannan ya ce Dubai, wancan ya ce Masar, wani kuma Turkiyya. Ban ga laifin kowa ba, domin an ji jiki. Kamaru ta rufe iyakokinta ranar 18 ga Maris, 2020. Najeriya ta hana jiragen ƙetare sauka daga ranar 23 ga wannan wata, ba a sake buɗe filayen Legas da Abuja ba sai 5 ga Satumba. Iyakokinmu na ƙasa kuwa dama tun Agustan 2019 suke a garƙame saboda fasa-ƙwauri, sai a Disambar 2020 aka fara buɗe guda huɗu. Wanda ya daɗe a ɗaure, in an kwance shi dole ya so miƙe ƙafa.

Abin da nake so in tuna mana shi ne, akwai wata ƙasar waje da ke nan bakin ƙofarmu, wadda rabin tarihinmu ke ajiye a cikinta, amma ba mu cika sa ta a lissafi ba. Ina nufin arewacin Kamaru, musamman birnin Garwa da ke gaɓar kogin Binuwai. Tsakaninsa da Yola bai wuce kimanin kilomita 100 ba in aka ja layi a miƙe.

Da yawa daga cikin matasanmu ba su san da zaman Garwa ba sai a Janairun 2022, lokacin da Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin nahiyar Afirka. A filin wasa na Rumde Ajiya da ke Garwa aka ajiye rukunin Najeriya. A nan muka ci Masar 1-0 ranar 11 ga wata, muka ci Sudan 3-1, muka ci Gini Bisau 2-0, sannan Tunisiya ta koro mu gida da 1-0 ranar 23 ga wata. A lokacin korona ba ta gama sakin mutane ba, domin dokar gasar ta ce sai da shaidar riga-kafi da ta gwaji ake shiga fili. Ni ma ina cikin waɗanda suka je, da 'yar na'urar naɗar magana a jakata saboda shirina na rediyo. Abin da ya fi ba baƙi mamaki shi ne yadda mutanen gari suka riƙa mara wa Najeriya baya kamar tasu, da yadda mutum zai yi ciniki a kasuwa da Hausa tsantsa, ko da yake Fulatanci ne harshen gari, Faransanci kuma harshen ofis. Da na dawo, tambayar da masu sauraro suka fi aiko mini ita ce: me ya haɗa mu da su haka? Amsar tana cikin tarihi.

A wajajen shekarar 1809 Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya dawo ya jagoranci jihadi a ƙasar da Fulani ke kira Fombina, wato kudu. Daga sunansa aka samo Adamawa. Ya zauna a Gurin, ya koma Ribaɗu, daga bisani a 1841 ya kafa Yola, ya rasu a 1847. A ƙarƙashin Yola aka sami ƙananan masarautu fiye da 40, kowacce da lamiɗonta. Cikinsu akwai Garwa da Marwa da Rai Buba da Ngaundare da Tibati da Banyo, kuma dukkan waɗannan da na lissafa yau a Kamaru suke. Garwa ita kanta Fulanin da ke ƙarƙashin Modibbo Haman Njundi ne suka kafa mulkinta, a ƙasar da Fali da Bata suka riga su zama. Ke nan a wancan zamani lamiɗon Garwa na kai gaisuwa Yola, Yola kuma na kaiwa Sakkwato.

Inda tuta ta shiga, fatake na biye. Hausawan Kano da Katsina da Zazzau sun riƙa ɗauko tufafi da baƙin rini da kayan fata su gangaro Adamawa, su koma da hauren giwa da goro. Bai kamata mu ɓoye ɗaya ɓangaren ba: bayi na cikin manyan hajojin wannan hanya. Adamawa ta yi suna a ƙarni na 19 wajen kai hari kan ƙabilun da ba su karɓi mulkin Fulani ba, ana tura wasu Sakkwato a matsayin gaisuwa, ana sayar da wasu a kasuwannin ƙasar Hausa. Jikokin waɗanda aka kai wa harin suna nan a duwatsun Mandara da Alantika, kuma ba su manta ba. Duk wanda zai je can yana taƙama da tarihin kakanninsa, ya kamata ya san cewa akwai masu ba da labarin ta wata fuskar.

Daga cikin fataken nan wasu ba su koma gida ba. Sun yi aure, sun kafa unguwanni, suka zama mahauta da maɗinka da malaman allo da dillalai. Wani dattijo mai sayar da huluna a babbar kasuwar Garwa, da na ce masa, "Baba, Hausarka ta fi tawa daɗi," dariya ya yi, ya shaida mini cewa kakansa ne ya zo daga ƙasar Kano, amma shi ko sau ɗaya bai taɓa taka Najeriya ba. Irin waɗannan gidaje ba su ƙirguwa, kuma ba a arewa kaɗai suke ba. Unguwar Birketiri a Yawunde da Niyu Bel a Duwala duk an san su da Hausawa.

To yaya aka yi ƙasa ɗaya ta zama biyu? Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya tsallaka Binuwai a watan Yunin 1851 daidai inda kogin Faro ke shiga cikinsa. Ya isa Yola, amma Lamiɗo Lawal bai yarda da shi ba, ya sallame shi bayan 'yan kwanaki. Duk da haka rubutunsa ya nuna wa Turai cewa ga wani kogi da jirgi zai iya bi daga teku har tsakiyar ƙasa. A 1893 Ingila da Jamus suka zauna suka ja layi a takarda ba tare da sun tuntuɓi kowa a Yola ba. Birnin Yola da ɗan kewayensa suka faɗa hannun Ingila, mafi yawan ƙasar kuma ta faɗa hannun Jamus. Aka bar kai a gefe guda, gangar jiki a ɗaya gefen.

Lamiɗo Zubairu bai amince ba. Turawan Ingila suka ci Yola a Satumbar 1901, ya fice ya nufi gabas wurin talakawansa. A Nuwambar wannan shekara ya gwabza da sojojin Jamus a Garwa, a Janairun 1902 kuma aka sake karawa a kusa da Marwa, inda bindiga mai ruwan harsashi ta karya mayaƙansa. A 1903 aka kashe shi yana gudun hijira. Sarki ɗaya ya yaƙi daulolin Turai biyu cikin 'yan watanni, kuma filayen da ya yi yaƙin galibinsu suna ƙetaren iyaka, shi ya sa ɗaliban tarihinmu ba su cika ganinsu ba.

Jamusawa sun mayar da Garwa sansaninsu na arewa, suka kewaye ta da ganuwa da ramuka. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, sojojin Ingila suka taso daga Yola a ƙarshen Agustan 1914 suka kai mata hari, aka fatattake su. Sai a shekara ta gaba suka dawo tare da Faransawa, da wata babbar igwar jirgin ruwan yaƙi da aka jawo ta kogin Binuwai. Ranar 10 ga Yuni, 1915 Garwa ta miƙa wuya. A dutsen Mora da ke can arewa kuwa, kwamandan Jamus Ernst von Raben ya turje har Fabrairun 1916. Hafsoshin ne kawai Turawa a wannan yaƙi. Masu ɗaukar bindiga da masu dako a ɓangarorin biyu 'yan Afirka ne, kuma akwai Hausawa da yawa a rundunar da ta taso daga Najeriya.

Bayan yaƙi aka sake yanka. Faransa ta ɗauki kaso mafi girma, har da Garwa da Marwa da Ngaundare. Ingila ta ɗauki wani siririn yanki da ke manne da Najeriya. Ranar 11 ga Fabrairu, 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba gardama a wannan yanki. Ɓangaren kudu ya zaɓi Kamaru. Ɓangaren arewa, da kusan kashi 60 cikin 100, ya zaɓi Najeriya, ya shigo ranar 1 ga Yuni, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna. Mubi da Ganye da Gwoza da Bama da tsaunin Mambila duk ta wannan ƙuri'a suka zama Najeriya. Da sakamakon ya juya, da yau ɗan Mubi da sefa yake cefane. Gwamnatin Kamaru ta ji zafin abin har ta kai ƙara Kotun Duniya, amma a 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci a kai.

Shugaban Kamaru na lokacin, Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa ne, a 1924. Kafin siyasa ma'aikacin wayar iska ne a hukumar gidan waya, abin da ya sa mu 'yan rediyo kan yi wasa mu ce namu ne. Ya mulki ƙasar daga 1960 zuwa Nuwambar 1982, lokacin da ya sauka da kansa ya miƙa wa Paul Biya. A zamaninsa Garwa ce hedikwatar arewa baki ɗaya, ta sami filin jirgin sama da manyan gine-gine. Bayan sun ɓata da magajinsa, a 1983 aka raba arewar gida uku, shi kuma ya rasu a Dakar a 1989, kuma a can aka binne shi. Iyayenmu a Yola da Mubi sun san Garwa ta wata hanyar ma, wato gidan rediyonta, wanda shirye-shiryensa na Fulatanci da Hausa ke tsallako iyaka ba tare da an tambaye su takarda ba.

Kogin ma haka yake. A da Garwa tashar jiragen ruwa ce. Idan ruwa ya cika da damina, jirage kan hauro daga bakin teku ta Lakwaja da Makurɗi da Yola, su sauke kaya su ɗauki auduga da gyaɗa. Yaƙin basasar Najeriya ya tsayar da wannan zirga-zirga, sannan layin dogo ya iso Ngaundare a 1974, kaya suka koma bin hanyar Duwala. Daga baya aka gina madatsar ruwa ta Lagdo tsakanin 1977 da 1982, kimanin kilomita 50 daga Garwa. Ita ke ba arewacin Kamaru wutar lantarki. Amma duk shekarar da ta cika aka buɗe ƙofofinta, mu ne a ƙasa. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun nuna mana haka tun daga Adamawa har Bayelsa, ga kuma madatsar Dasin Hausa da aka daɗe ana maganar ginawa a ɓangarenmu don tare ruwan, har yau shiru. Na tsaya a bakin tafkin Lagdo na ga masunta na fito da giwan ruwa, na ji wasunsu na Hausa. Mutumin da ya ga girman wannan ruwa da idonsa ba zai ƙara ɗaukar sanarwar sakin ruwa da wasa ba.

Ta fuskar abin kallo, yankin ba baya ba ne. Akwai gandun dajin Binuwai da na Faro da na Buba Njida, akwai na Waza a can arewa mai raƙuman dawa da zakuna. Akwai duwatsun Rumsiki masu tsini, da fadar Rai Buba mai doguwar katangar ƙasa. A Garwa akwai makarantar horar da ma'aikatan gandun daji da aka buɗe a 1970, wadda ɗalibai ke zuwa daga ƙasashen Afirka da dama. Dorina kuwa a gefen gari ake ganinta cikin kogi. Sai dai tun kafin korona harkar baƙi ta durƙushe. A farkon 2012 mafarauta a kan dawakai sun karkashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njida. A Fabrairun 2013 'yan Boko Haram suka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya bayan sun fito daga Waza. Daga nan Turawa suka ɗauke ƙafa, masu masauki da masu rakiya da masu sassaƙa suka rasa abin yi. Korona ta zo ta ƙarasa abin da ya rage.

A nan nake ganin muna da rawar takawa. Baƙon da arewacin Kamaru zai fi dogara da shi nan gaba maƙwabci ne, wanda ba ya buƙatar tafinta, wanda zai ci tuwonsu ya yi salla a masallacinsu. Mu ma muna da riba, domin malamin tarihi da ya kai ɗalibansa Garwa ya nuna musu inda Zubairu ya tsaya, ya fi wanda ya karanta musu a allo. Gani ya kori ji.

Sai dai a tafi da shiri. Kamaru ƙasa ce mai cin gashin kanta, ba ta cikin ECOWAS, kuma jandarmominta ba su wasa da takarda. A riƙe fasfo da katin riga-kafin shawara, a canji kuɗi zuwa sefa. A tafi da hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, domin zafin Garwa a Maris da Afrilu kan haura digiri 40. Yankin Waza da bakin iyakar Borno kuma kada a kusance shi sai an tambayi hukuma da mutanen gari halin da ake ciki. Wanda ya isa, ya nemi iso ya kai gaisuwa fadar lamiɗo, ya shiga kasuwa ya tambayi dattawa daga ina kakanninsu suka zo, ya rubuta abin da ya ji, domin masu riƙe da wannan labari a ka suna ta ƙarewa.

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Layin da ya raba Yola da Garwa sai a 1893 aka zana shi, hanyar fatake kuwa ta girme shi nesa ba kusa ba. Tunda Allah Ya kawo mu lokacin da aka buɗe hanya, mai niyyar fita ya sa Garwa cikin lissafinsa. Allah Ya kiyaye hanya, Ya raba mu da annoba, Ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya.