Giya da Maganin Ƙwannafi: Tsohuwar Abota Mai Zubar da Jini

Yau zan taɓo maganar da mu 'yan Arewa ba ma son yi a fili. Kafin wani ya rubuto mini "ai giya haramun ce, me ya kawo ta nan," na sani, kowa ma ya sani. Amma akwai samarinmu da ke sha a ɓoye, akwai kuma maƙwabtanmu da addininsu bai hana su ba, kuma duk kemis ɗaya muke shiga. Wanda ya sha da dare, da safe ƙirji na masa zafi kamar an zuba garwashi, sai ya miƙa kuɗi ya ce a ba shi na ƙwannafi. To wannan ɗabi'a ta giya da dare, magani da safe, tana da tarihi, kuma 'yan kasuwa ne suka raine ta.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, da farko giyar ce ma ake sayarwa a matsayin maganin ciki. A 1824 wani likita Bajamushe, Johann Siegert, da ke aiki da rundunar Simón Bolívar a garin Angostura na Venezuela, ya haɗa wani ruwa mai ɗaci don sojoji masu ciwon ciki. Har yau ana sayar da shi, kuma giyar da ke cikinsa ta haura kashi 44 cikin 100. A Amurka kuwa, tun wajajen 1850 aka fara sayar da Hostetter's Stomach Bitters daga birnin Pittsburgh, shi ma giyarsa sama da kashi 40. Wato ƙarfinsa ɗaya da wiski. Mutum zai kwankwaɗa ya ji jikinsa ya saki, ya ce magani ya yi aiki. Har waɗanda suka rantse ba sa shan giya suna sha da zuciya ɗaya, tunda an rubuta "magani" a jikin kwalba. Sai da ɗan jarida Samuel Hopkins Adams ya tona asirin irin waɗannan magunguna a mujallar Collier's a 1905, sannan a 1906 Amurka ta yi dokar da ta tilasta a rubuta a jikin kwalba in akwai giya a ciki. Idan ka ga ɗan ruwa mai ɗaci a ƙaramar kwalba a tasha ana cewa yana wanke ciki, ka tuna wannan dabarar ta shekara ɗari biyu.

Sai zamanin gari mai kumfa. Wannan kam mun san shi. Birnin Newcastle na Ingila ne mahaifarsa. A can wani mai haɗa magani, James Crossley Eno, ya fara sayar da garinsa wajajen 1850, ma'aikatan jiragen ruwa suka yaɗa shi a duniya. A 1894, a wannan birnin dai, aka fito da Andrews Liver Salt, wanda ya daɗe yana rataye a kantunanmu. Ginshiƙinsu shi ne bakin soda, wato sodiyom baikabonet, wanda ke kashe kaifin asid ɗin ciki.

Bari in ɗan ratse. Mu ba Turawa ne suka koya mana wannan ba. Kanwar da fatake suka riƙa ɗaukowa daga ƙasar Manga da bakin Tafkin Chadi zuwa Kano, dangin sinadarin nan ce. Kakar da ta jiƙa kanwa ta ba ka don ƙwannafi, aikin da garin Eno ke yi shi take yi, ba ta dai da kuɗin talla ne. Aibinsu ma ɗaya: gishirin sodiyom ya yi yawa, mai hawan jini ba abokinsu ba ne.

Inda labarin ya ɗau zafi shi ne 1931. A shekarar, kamfanin Miles da ke garin Elkhart a jihar Indiana ya fito da Alka-Seltzer. Ƙwaya ce da ake jefawa a ruwa ta yi kumfa. A cikinta akwai bakin soda, da sinadarin tsami irin na lemo, da kuma asfirin, miligiram 325 a kowace ƙwaya. Ku lura da lokacin. Tun 1920 aka haramta giya a Amurka, a Disamban 1933 aka ɗage haramcin. Mashaya suka buɗe, mutane suka riƙa wayar gari da ciwon kai da zafin ƙirji, ga kuma ƙwaya ɗaya da ta yi alkawarin kashe duka biyun. Shekara da shekaru ta zama abin da mashayi ke lalube da safe.

Matsalar a nan take, ku saurara da kyau. Akwai wata tsoka a ƙarshen maƙoshi da ke aiki kamar ƙofa, tana hana asid ɗin ciki hawowa sama. Giya tana sa ƙofar nan ta yi sako-sako, shi ne ƙwannafi. Giya kuma tana goge fatar cikin tumbi. Shi kuwa asfirin yana rage sinadaran da jiki ke kare fatar da su, sannan yana hana jini saurin daskarewa. To ka ga: giya ta ƙuje wurin, asfirin ya janye mai gadi, ya kuma hana jini tsayawa, shi kuma bakin soda ya kashe zafin da zai sa mutum ya gane akwai matsala. Wallahi ko da gangan aka shirya tarko, iyakarsa ke nan.

Kuma hukuma ba ta yi sauri ba. Sai a 1998 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin magungunan kashe raɗaɗi ga mai shan kofi uku na giya ko fiye a kullum. A 2016 ta sake fitar da gargaɗi na musamman cewa magungunan ƙwannafi masu asfirin na iya jawo mummunan zubar jini, kuma masu shan giya suna cikin waɗanda suka fi shiga haɗari. Daga 1931 zuwa 2016, shekara 85 ke nan. Ni a ganina wannan jinkirin ba rashin ilimi ba ne kawai. Abin da ke kawo kuɗi ba a gaggawar ɓata masa suna.

Don adalci, ba duk maganin ƙwannafi ne ke da asfirin ba. Andrews ba shi da shi, haka farin ruwan nan mai kauri da muke kira mis-mag. Waɗannan ba sa haɗuwa da giya su zama guba. Nasu laifin shi ne rufa-rufa: su kwantar da zafin na ɗan lokaci, mutum ya koma ya ci gaba da abin da ya jawo shi. Masu kumfar kuma suna cika ciki da iska, gyatsar da ke biyo baya na iya sake tura asid sama. Kuma mutuminmu ba ya tsayawa a ɗaya. Zai haɗa da asfirin ko ibuprofen ko diclofenac saboda ciwon kai, sai ya haɗa wa kansa Alka-Seltzer da hannunsa bai sani ba.

A 1976 aka shiga sabon babi. Ayarin masana da James Black ya aza wa harsashin bincike ya samar da cimetidine, wanda aka sayar da sunan Tagamet. Shi ba kashe asid yake yi ba, hana tumbi fitar da shi yake. Black ya samu kyautar Nobel a 1988. A 1981 ranitidine ya biyo baya da sunan Zantac. Ana cikin murna, sai ayarin likita Charles Lieber a New York suka nuna cewa waɗannan biyun na iya sa giya ta fi yawa a jinin wanda ya sha, domin wani kaso na giyar ana narka shi ne tun kafin ya bazu cikin jini, su kuma suna rage wannan aikin. An yi ta muhawara a kai, da yawa suka ce ƙarin ba shi da yawa. Amma ga wanda zai hau babur da dare, ɗan ƙari ma ƙari ne. Shi Zantac daga baya, a 2020, an janye shi daga kasuwar Amurka saboda an gano wani sinadari a cikinsa da ake zargin yana jawo kansa.

Wanda ya fi burge ni a duk labarin nan shi ne Barry Marshall, wani matashin likita a birnin Perth na Ostireliya. Shi da Robin Warren sun ce yawancin olsa ƙwayar cuta ce ke kawo ta, Helicobacter pylori. Manyan likitoci suka ƙi yarda, domin an daɗe da ɗora laifin a kan damuwa da yaji da yawan asid. A 1984 Marshall ya ɗauki ruwa mai ɗauke da ƙwayar ya shanye. Cikin kwanaki ya fara amai, aka leƙa cikinsa aka ga ya kumbura. A 2005 suka karɓi Nobel. Ma'anar wannan a gare mu ita ce, ƙwayar nan tana da yawa a ƙasashenmu, ana gwada ta, kuma ana kashe ta da magani na kamar mako biyu. Wanda ya shekara biyar yana shan farin ruwa kullum, wataƙila abin da yake buƙata ke nan.

Sai dai likita ba ya duba. In ya tambaye ka ko kana shan giya, ba Hisba ba ce, so yake ya san maganin da zai rubuta da wanda zai hana ka. Na san kunya ce ke sa saurayi ya gwammace mai kemis, don shi ba ya tambaya. Amma in bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta, ko aka yi amai da jini ko mai kama da garin kofi, ko jiri na ɗibar mutum in ya miƙe, jini ne ke zuba a ciki, kuma babu kemis ɗin da ke da maganinsa. Asibiti, a daren, ko da warin giyar na bakinsa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.