Gini mai jure ambaliya a yankin Dutsin-Ma da Kurfi

Akasarin koguna da ƙoramun tsakiyar jihar Katsina kan ƙafe da rani, har jama'a su manta iyakar inda ruwa ke kaiwa. Amma daga watan Yuli zuwa Satumba, mamakon ruwan dare ɗaya kan sa su cika su tumbatsa.

Wannan shi ne yanayin da garuruwa irin su Wurma, a ƙaramar hukumar Kurfi, ke ciki. Haka ma ƙauyukan bakin kogin Karaduwa a Dutsin-Ma, inda aka kammala madatsar ruwa ta Zobe a shekarar 1983.

Jihar dai ta ga irin ɓarnar da hakan ke jawowa a watan Yulin 2018, lokacin da ambaliya ta auka wa garin Jibiya cikin dare, ta hallaka mutane fiye da 40, ta kuma rusa ɗaruruwan gidaje.

Inda ruwa ke kama gida

Ginin ƙasa ba safai yake faɗuwa daga sama ba. Ruwan da ya kwanta a gindin bango ne ke jiƙa tubali, ya ci shi a hankali, har katanga ta zube.

Shi ya sa tsarin gini mai jure ambaliya ke farawa daga harsashi. Ana aza shi da dutse ko bulo da siminti, a ɗaga shi sama da alamar da ruwa ya taɓa bari a unguwar, sannan a ɗora ginin ƙasa a kai. Rumbu da masai da bakin rijiya su ma suna bukatar tudu, domin kare hatsi da kuma kauce wa cutar amai da gudawa.

Magina na gargajiya sun daɗe da sanin wani ɓangare na wannan ilimi. Indararo na jefa ruwan soro nesa da bango, dakali na tsare gindinsa, yaɓen makuba, wadda ake samu daga ɗorawa, na hana ruwa ratsa shi.

Barin hanyar ruwa

Sai dai kuma ingancin gida bai wadatar ba idan an kafa shi a kan hanyar ruwa. Ƙasar Holand, wadda ta shahara wajen gina shingayen ruwa, ta ɓullo da wani shiri a shekarun 2000 na matsar da shingayen baya domin bai wa koguna fili.

A yankin Kurfi da Dutsin-Ma, kwatankwacin hakan shi ne a bar fadama ga noman rani da kiwo, a daina cike kududdufai ana yanka filaye, a yashe magudanai kafin damina, a kuma dasa itatuwa a gaɓar kogi domin rage zaizayar ƙasa.

Galibin waɗannan matakai ba sa cin kuɗi mai yawa. Abin da suke bukata shi ne masu unguwanni da ƙananan hukumomi su tsaya a kai tun lokacin rabon fili, kafin a aza tubalin farko.