Me ya sa takardar kakanni ta fi tamu ƙarko? 🧵

1/ Ka taɓa ganin Alƙur'ani rubutun hannu a gafakar wani dattijo a Yauri ko Ngaski, ya haura shekara 100 amma takardar garau? Alhali littafinka na firamare tuni ya yi ja yana marmashewa. Akwai dalili fa. Ku biyo ni.

2/ Takarda ba saƙa ba ce, ba kuma gam ke riƙe da ita ba. Ƙananan zaruruwan tsiro ake dakawa cikin ruwa har su yi laushi, su fitar da gashi-gashi. Da ruwan ya bushe sai su manne da juna. Iya yawan wuraren da suka haɗu, iya ƙarfin takardar.

3/ A ƙarni na 19, yawancin takardar malamanmu daga Italiya take zuwa, mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani in an ɗaga ta ga haske. Kamfanin Galvani na Pordenone ya yi suna a kanta. Ayari ke ratso Sahara da ita daga Tarabulus zuwa Kano, fatake su rarraba.

4/ Da tsumman tufafi, musamman lilin, ake yin irinta. Zarensa dogo ne, kowane ɗaya na kama 'yan uwansa da yawa.

5/ Daga shekarun 1840 Turawa suka fara niƙa itace. Takarda ta yi araha, amma zaren ya gajarce, ga sinadarin lignin mai sa ta yi ja, ga asid mai tsinka zaren a hankali.

6/ Mu ma zare ya ba mu wuya. An kammala madatsar Kainji a 1968, masana'antar takarda ta Jebba, can ƙasa da ita a bakin Neja, ta fara aiki a 1969. Itatuwanmu irin malaina gajeren zare gare su, dogon sai an shigo da shi daga waje. Da kuɗin waje ya yi wuya, aiki ya yi ta ja baya.

7/ Mu na bakin tafki, laima ce babbar abokiyar gaba: ruwa na shiga tsakanin zaruruwan ya saki ɗaurin, funfuna da gara su ƙarasa.

8/ In akwai tsohon rubutu a gidanku, don Allah kar a liƙa masa salatif, kar a yi masa lamineshin. A ɗaga shi daga ƙasa, a ajiye a busasshen wuri, a ɗauki hoton kowane shafi. Tura wa wanda ke riƙe da littattafan gidanku.