Ƙarancin Ƙwayar Cuta da Yawan Ɓarna: Gano Lishmaniyar Fata da ta Hanci ta Fuskar Garkuwar Jiki

Tsakure

Maƙalar ta duba alaƙar da ke tsakanin martanin garkuwar jiki da hanyoyin gano cutar lishmaniya mai kama fata da mai cin tantanin hanci da baki, bisa abin da aka tabbatar a Kudancin Amurka, musamman Birazil. Matsayar da ta ɗauka ita ce yawan ƙwayar cutar a cikin gyambo ya danganta da ƙarfin garkuwar mai shi, don haka gwajin da ya dace da wani majinyaci kan yaudari likita a kan wani.

1. Gabatarwa

Ƙwayar Leishmania na shiga jiki ta cizon macen ƙudan rairayi, wanda bai kai sauro girma ba. Tana samun mafaka a cikin makrofaj, wato ƙwayoyin jikin da aikinsu haɗiye baƙon abu su narkar da shi. Bayan 'yan makonni sai ƙurji ya fito, ya fashe ya zama gyambo zagayayye, gefensa a tashe kamar bakin kasko, kuma galibi ba ya zafi. Nau'in da aka fi sani a Nijar da arewacin Nijeriya, wato L. major, yakan warke da kansa ya bar tabo.

Ba haka L. braziliensis take ba, wadda Gaspar Vianna ya raɗa wa suna a 1911. A Corte de Pedra ta jihar Bahia, inda aka shafe shekaru ana bibiyar majinyata, kusan uku cikin ɗari na masu gyambon fata kan dawo da ciwon hanci bayan watanni ko shekaru. Yakan fara da toshewar hanci da haɓo, sannan ya huda guringuntsin da ya raba ƙofofin hanci, ya gangara ganɗa da maƙogwaro. Espundia ake ce masa a can.

2. Martanin garkuwa

An daɗe ana koyar da wannan babi da ɓeraye biyu. Ɓeran C57BL/6 da aka sa wa L. major yana mayar da martanin Th1, ya samar da IFN-γ, makrofaj su kashe ƙwayar, ya warke. Ɓeran BALB/c kuwa yana karkata ga Th2 da IL-4, cutar ta cinye shi. Darasi ne mai daɗin koyarwa, amma ɗan Adam bai bi shi sau da ƙafa ba.

Mai ciwon hanci ba ya fama da raunin Th1. IFN-γ da TNF da ƙwayoyinsa ke fitarwa sun zarce na mai gyambon fata, IL-10 mai yayyafa wa wutar ruwa kuma ba ta iya kashe ta. Ƙwayoyin CD8 na taruwa a wurin suna fasa naman mai jikin, ba tare da sun gama da ƙwayar cutar ba. Ɓarnar da ake gani a hanci, akasarinta aikin garkuwar ne. Abin da ya ƙarfafa wannan fahimta shi ne gwajin da aka yi a Bahia, inda haɗa maganin antimoni da pentoksifilin, mai rage TNF, ya gaggauta warkewar ciwon hanci. A 2011 kuma aka nuna a ɓeraye cewa bairos ɗin LRV1, wanda ke zaune cikin wasu L. guyanensis, na ƙara ingiza kumburin. Rawarsa a jikin mutum kuwa, sakamakon bincike ya saɓa daga ƙasa zuwa ƙasa.

Kishiyar wannan ita ce lishmaniya mai bazuwa, ta L. amazonensis a Birazil da L. aethiopica a Habasha. Nan garkuwar ta yi biris, fata ta cika da kulluttai marasa fashewa, har a ɗauka kuturta ce.

3. Gwaje-gwaje

Hanya mafi araha ita ce a kankaro gefen gyambon, a shafa a gilashi, a rina da Giemsa, a duba da madubin ƙara girma. Ana neman 'yan dunƙule-dunƙule a cikin makrofaj, kowane da cibiyarsa da wani ɗan sanda a gefenta, wato kainetoplas. A jikin mai cuta mai bazuwa, makrofaj a cike suke maƙil da su. A tsohon gyambon L. braziliensis sai an sha wuya, a hanci kuwa ma'aikaci kan ƙare gilashin bai ga ko ɗaya ba. Rainon ƙwayar a abincin NNN shi ma yakan ci tura, domin ƙwayoyin bakteriyar hanci na riga ta tsirowa.

Gwajin da João Montenegro ya fito da shi a 1926 yana tafiya ne a akasin haka. Ana tsira ruwan matattun ƙwayoyin a fatar hannu, a dawo bayan sa'a 48 zuwa 72 a auna taurin wurin. Milimita 5 ko fiye na nufin jiki ya san cutar. Mai ciwon hanci kan ba da babban tauri, mai cuta mai bazuwa ba ya ba da komai. Sai dai gwajin ba ya rabe ciwon yau da na shekara ashirin da suka wuce. Gwajin jini ma yana da nasa cikas: a Birazil da Bolibiya yakan rikita lishmaniya da cutar Chagas.

PCR ce ta cike giɓin, musamman mai farautar DNA na kainetoplas, wanda kowace ƙwaya ke ɗauke da dubban kwafinsa. A ganin wannan maƙala, ita ya kamata a fara nema idan hanci ne ya kamu, kuma kada a sallami majinyaci don madubi bai nuna komai ba. Amma ita ma ba a bar mata hukunci ita kaɗai, tunda an sha samun DNA ɗin ƙwayar a tabon mutanen da suka daɗe da warkewa. Dole likita ya kawar da zargin tarin fuka da kuturta da sankara da cutar fungas ta Paracoccidioides, sannan ya sa majinyacin ya naɗe wandonsa, a duba ƙwaurinsa ko akwai tsohon tabo.