Tarihin Gidan Gambino Na Birnin Niyu Yok

A wannan fitowa mun kawo muku tarihin wani gida na 'yan Mafiya da ke birnin Niyu Yok a ƙasar Amurka, wanda ake ce da shi Gidan Gambino. Dalili kuwa, mun lura samarinmu suna ganin irin mutanen nan a silima, ga kwat ga manyan motoci, har suna sha'awarsu. To, ya kamata a san yadda shugabanninsu suka hau, da kuma yadda suka sauka.

Tsakanin 1880 da 1920 mutanen Italiya wajen miliyan huɗu suka ƙetare teku zuwa Amurka neman abinci. Galibinsu talakawa ne masu cin guminsu, leburori da magina da masu tireda, baƙi kamar yadda kakanninmu suka zo zango. Amma a cikinsu akwai 'yan kaɗan, yawanci daga tsibirin Sisili, da suka zo da ƙungiyar asiri. 'Yan'uwansu baƙi suka fara cuta: mai kanti ya riƙa biyansu kuɗi, ko kuwa a ƙone masa kanti. Da gwamnati ta hana sayar da giya daga 1920 zuwa 1933, sai suka shiga fasa-ƙwaurinta, suka tara dukiya ba ta wasa ba.

In an ce gida a nan, ba dangin jini ake nufi ba. Ƙungiya ce mai maigida, da wazirinsa, da jagorori, kowane jagora da yaransa. Mai shiga sai ya yi rantsuwa ba zai taɓa buɗe baki ga hukuma ba, wannan ita suke kira omerta.

A cikin 1931 aka kashe manyansu biyu da ke yaƙi da juna, Masariya a watan Afrilu, Maranzano a watan Satumba, duka biyu da hannun wani saurayi mai suna Luchiyano. Daga nan aka zauna a kan gidaje biyar, aka kafa majalisar sasanta rigima. Gidan da muke magana ya faɗa hannun Mangano, ƙarfinsa kuwa yana tashar jiragen ruwa ta Burukilin, inda ɗan dako ba ya samun aiki sai ya ba da wani abu. Ban da wannan ga caca, ga ba da bashi da ruwa.

Mangano ya yi shekara 20 yana mulki, ba sa ga maciji da wazirinsa Anastasiya. A cikin 1951 aka tsinci gawar ɗan'uwan Mangano a wata fadama, shi kuwa ya ɓace, har yau ba a ga gawarsa ba. Anastasiya ya haye kujera. Shi ma bai daɗe ba. Ran 25 ga watan Oktoba 1957 yana zaune a shagon aski a wani otal, sai mutum biyu suka shigo suka harbe shi. Ba a hukunta kowa ba, amma wanda ya gaje shi wazirinsa ne, Karlo Gambino. Da ɗan gari akan ci gari.

Gambino, wanda gidan ya ci sunansa, an haife shi a birnin Falarmo a 1902, ya shigo Amurka a ɓoye cikin jirgin ruwa a 1921. Mutum ne mai shiru-shiru, ba ya fankama. A zamaninsa gidan ya fi sauran ƙarfi, ya sa hannu a kwasar shara da gine-gine da motocin dakon tufafi. Ya mutu a gidansa a 1976 da ciwon zuciya. Sai dai kafin ya mutu ya shuka fitina, don ya tsallake wazirinsa Delakuroche, ya bar wa surukinsa Kastelano sarauta. Gida ya rabu biyu.

Kastelano ya shige ƙaton gidansa yana harka kamar attajiri, ya kuma ce duk wanda ya sayar da ƙwaya a bakin ransa. Yaran wani jagora mai suna Jon Goti kuwa suna cikin cinikin dumu-dumu, hukuma ma ta riga ta naɗi muryarsu. Goti ya ga in bai riga ba za a riga shi. Delakuroche ne ke tsare wuta, da ya mutu ran 2 ga Disamba 1985, mako biyu kacal aka yi, ran 16 ga wata aka harbe Kastelano a ƙofar wani gidan abinci.

Goti ya hau da fankama, yana ado yana yi wa 'yan jarida murmushi. Sau uku ana kai shi kotu yana kuɓuta. Amma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Hukuma ta ɓoye na'urar saurare a ɗakin da yake ganawa, ga kuma dokar 1970 wadda ta ba da ikon kama shugaba a kan laifin ƙungiyarsa. Sa'an nan wazirinsa Girabano ya karya rantsuwa, ya amsa yana da hannu a kisan mutum 19, ya ba da shaida a kan maigidansa. A 1992 aka ɗaure Goti rai da rai, ya mutu a kurkuku a 2002.

To, samari, ku ƙidaya da kanku. Shugabanni biyar daga 1931 zuwa 2002: uku an hallaka su, ɗaya ya mutu a ɗaure, ɗaya kaɗai ya cika a kan gadonsa. Huɗun nan kuwa na kusa da su ne suka ci su. Wannan lissafi bai haɗa da matan da aka bari da marayu ba, da talakawan da aka tatsa, da miliyoyin 'yan Italiya masu gaskiya waɗanda aka ɓata wa suna a ƙasar baƙunci. Mu da muke zaune a zango mun san nauyin wannan na ƙarshe, don laifin mutum ɗaya kan shafi unguwa duka. Dattawa kuma, don Allah a riƙa tambayar yaro inda ya samo abin da ya shigo da shi gida.